MADIGADIN DA YA DACE DA TSOHON KEKE

Tun daga ran 29 ga Mayu, 2023, da Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta doshi 500 cikin 'yan kwanaki, tsofaffin kekuna suka soma fitowa daga inda aka jingine su. Kafin wannan ma, a watan Yuni na 2022, Gwamnatin Jihar Ikko ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, har da Ikeja da Apapa da Surulere, sa'an nan ta ƙara huɗu a watan Satumba, kowa kuwa ya san 'yan Arewa hukuncin ya fi taɓawa. Wasu sun tattara sun koma gida. Wasu kuma suka aika a ɗoro musu keken tsoho bisa motar albasa ko ta shanu, don kai burodi, ko tallar nama, ko zuwa wurin gadi ba tare da kuɗin mota ya cinye albashi ba.

To, galibin irin waɗannan kekuna sukan iso Kurmi ba madigadi, watau ƙarfen nan da ke rufe bisan taya yana tare taɓo, ko kuwa su iso da wanda tsatsa ta riga ta ci rabinsa. A gida wannan ba wani abin damuwa ba ne ƙwarai. Damina a Kano wata huɗu ce, ruwan da kan sauka a shekara bai cika kai milimita 1,000 ba, saboda haka yaro kan kwance madigadi ya yar don ya dame shi da ƙara, ba kuwa mai ce masa don me. Nan Ikko ruwa kan fara tun Afrilu ya kai Oktoba, yana haura milimita 1,500, a Fatakwal kuwa ya wuce 2,000. Wanda ya hau keke tsirara daga Agege zuwa Mushin bayan an ɗauke ruwa, ba sai an tambaye shi inda ya fito ba, layin taɓo daga ƙugu har ƙeya zai ba da labari.

Ba riga kaɗai ke shan wahala ba. Ruwan da tayar gaba ke watsowa, da yashin da ke cikinsa, kai tsaye yake dukan sarƙa da boris na gindin feda da na wuyan keke, ya wanke giris, ya bar ƙarfe na cin ƙarfe. Na baya kuma shi ke jiƙa kayan da ke bisa kariya. Akwai kuma zancen salla. Malamanmu sun yi sauƙi game da taɓon hanya lokacin ruwan sama muddin najasa ba ta rinjaya ba, amma wanda ya ga yadda kwatocin Ikko ke tumbatsa su hau titi ya san abin da taya ke kwasowa ba taɓo ba ne zalla.

Saboda haka sayen madigadi ya zama dole. Wurin sayen ne mutane ke asarar kuɗinsu, wani lokaci har su lalata keken da ya fi shekara hamsin yana aiki.

FARA SANIN KEKENKA

Kekunan da iyayenmu suka hau yawancinsu na Ingila ne, kan gaba kuwa Raleigh, wanda muke kira Rale, na birnin Nottingham. Kamfanin ya haɗiye Humber a 1932, da Rudge a 1943, da sashen kekuna na BSA a 1957, sa'an nan a 1960 shi ma aka haɗe shi ƙarƙashin uwa ɗaya da Phillips da Hercules. Wannan ya sa kekunan da aka yi bayan shekarar nan, ko da sunansu ya bambanta, kayansu kan shiga juna. Daga baya kamfanin ya kafa ma'aikata a Bompai ta Kano, ita kuwa ta Nottingham ta daina ƙera keke a 2002. Alamar Rale kan wani tsuntsu ne mai kama da zalɓe, za ka gan shi a tambarin wuya da kuma jikin faifan sarƙa. Na Rudge tafin hannu ne. Idan keken mai giya uku ne na Sturmey-Archer, dubi jikin tulun da ke tsakiyar wilin baya, sau da yawa akan buga shekara da watan da aka yi shi.

Bayansu sai na Sin da na Indiya suka cika kasuwa, irin su Phoenix da Flying Pigeon da Hero da Avon, dukkansu kuwa ƙirar Ingila suka kwaikwaya: birkin sanda, babban wili, firam mai nauyi. Wannan kwaikwayo shi ne rufin asirin mai tsohon keke a yau, gama har yanzu ana yin kayansu, kuma awonsu ɗaya ne da na asali ko kusa da haka.

ISHIRIN DA TAKWAS IRI BIYU NE

Nan ne gizo ke saƙa. Mutum ya je layin 'yan keke ya ce a ba shi madigadin ishirin da takwas, mai shago ya miƙo masa, ya biya, sai an zo ɗaurawa a ga tsakiyarsa na gugar taya bakinsa kuma ya buɗe, ko kuwa ya ƙi zama sam. Mai shago bai yi ƙarya ba, mai saye ma bai yi kuskuren lamba ba. Abin da ya faru shi ne, wili iri biyu ne ke amsa sunan 28.

Na tsohon Rale da 'yan'uwansa shi ne wanda aka rubuta 28 x 1½ a gefen tayarsa. Faɗin rim ɗinsa daga baki zuwa baki, a inda taya ke zama, milimita 635 ne. Ɗayan kuwa shi ne na kekunan gwanjo da ake shigowa da su daga Turai, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam. Su ma Jamusawa da mutanen Holan 28 suke ce da shi, amma rim ɗinsa milimita 622 ne, wani lokaci a ga an rubuta 700C. Bambancin milimita 13 kamar ba kome ba ne a baki, amma madigadi an lanƙwasa shi ne bisa da'irar wili guda. In ka tilasta masa bin wata da'irar da ta fi tasa girma, sai ka buɗe shi da ƙarfi, shi kuwa ƙarfe in ka buɗe tsawonsa gefunansa kan matse ciki, su zo su kama taya.

Haka nan 26 ma ba ɗaya ba ne. Ƙaramin Rale, da yawancin kekunan mata na da, da na gwanjon Japan masu kwando a gaba, 26 x 1⅜ ne, rim milimita 590. Keken hawan dutse mai ƙatuwar taya da samari ke yayi shi ma 26 ne, amma rim ɗinsa 559, madigadinsa gajere ne mai faɗi, ba abin da ya haɗa shi da tsohon keke. Akwai kuma 27 x 1¼ na tsofaffin kekunan tsere, mai 630.

Maganin wannan rikici mai sauƙi ne. Tsuguna ka goge gefen taya, za ka ga wata lamba mai kashi biyu, alal misali 40-635. Ta farkon kaurin taya ce, ta biyun ita ce ta rim, ita ce kuma ba ta ruɗi. Rubuta ta a takarda ka tafi da ita. Abin da ya fi ma, tura keken har ƙofar shagon, a kifa madigadin bisa taya kana gani kafin kuɗi su bar aljihunka. Mai shagon da ya ƙi yarda a gwada, akwai na kusa da shi.

Game da faɗi, madigadi ya kamata ya ɗara taya da kamar rabin inci, don ruwan da ke fita ta gefe ya sami abin da zai tare shi. Ga taya mai inci 1½, kada ka karɓi wanda ya kasa inci 2. Amma fa kada a zarce, domin keke mai birkin sanda yana da wani ƙarfe mai kamar ƙofar baka wanda ke riƙe da robobin birki, madigadin gaba kuwa ta cikinsa yake wucewa. Na baya yana ƙasa, bayan gindin feda, inda kan madigadin baya ke sauka. In madigadi ya yi faɗi ainun sai ƙarfen birkin ya riƙa gugarsa, ka ja birki ya ƙi komawa, ko ya ƙi kamawa sosai. Wanda ke gangarowa daga tudun Mokola a Badun da buhu a baya, ba ya son jin labarin birkin da ya kama rabi.

Tsakanin taya da cikin madigadi kuma a bar wurin da ɗan yatsa zai shiga, tun daga kai har wutsiya. Masu son kyau sukan kwantar da shi dab da taya, a kan kwalta kuwa ba laifi. Amma unguwanninmu da yawa jar laka ce, mai kama taya kamar tuwo, in ba sarari sai ta cushe ta tsai da wili, mutum ya sauka yana tsokaci da kara a tsakiyar ruwa.

KADA KA YAR DA NA ASALI

Ni a ganina babbar ɓarnar da ake yi ita ce ta kwance madigadin asali a sayar wa 'yan gwangwan, don kawai ya yi tsatsa ko ya lotsa, a maye gurbinsa da sabo mai walƙiya. Raleigh ya daɗe yana tallar kekensa da cewa ƙarfe ne zalla, madigadinsa ma haka yake: ƙarfe mai kauri, an naɗe bakinsa ciki don kada ya yanki hannu ko ya tsage, an bi shi da baƙin fenti mai ƙarfi da siririn zane ruwan zinariya. Ɗauki na asali a hannu ɗaya, sabon na kasuwa a ɗaya hannun, nauyi kaɗai zai gaya maka. Da tsohuwar zuma ake magani.

Wurare uku tsatsa ta fi ci: wutsiyar na gaba inda ruwa ke taruwa, da kan na baya can ƙasa kusa da gindin feda, da kuma inda aka kafa ƙafafun da ke riƙe da shi. Ƙwanƙwasa wuraren nan da sukundireba. In ƙarfe ya amsa, tsatsar ta bisa ce, samfefa da buroshin waya sun isa. In ya huje, nan ma ba a fid da rai ba, mai walda zai iya yanko ɗan falle ya liƙa ta ciki. Sai dai ka nemi mai waldar iskar gas, irin masu gyaran jikin mota, ka ce ya yi da jan ƙarfe. Waldar lantarki ta masu ƙofa da taga ta fi ƙarfin wannan aiki, tana taɓawa sai rami. Lotsawa kuwa aikin 'yan mintoci ne: a kifa shi bisa buhun yashi, a bi ta ciki da guduma mai kan katako a hankali.

Wajen fenti, in zanen asali yana nan ko da ya dushe, ni dai ba na ba da shawarar a shafe shi. A wanke, a goge da ɗan mai, ya isa. Akwai masu neman tsofaffin kekunan Ingila suna tarawa, a nan ƙasar da ƙasashen waje, su kuwa sun fi daraja keke mai tsohon fentinsa da tambarinsa bisa wanda aka yi wa sabon fenti har da sirdi. Ko ba ka da niyyar sayarwa, abin da mahaifinka ya bari da kamanninsa ya fi daɗin kallo. Ciki ne ke bukatar aiki. A kankare shi tas, a shafa jan fentin nan na hana tsatsa da ake yi wa ƙofofin ƙarfe, a bar shi ya bushe kwana biyu, sa'an nan a bi da baƙin fenti mai kwalta irin na ƙarƙashin mota. A Ikko da Fatakwal da Kalaba, inda iska ke ɗauke da gishirin teku, wannan aiki shi ne bambancin madigadin da zai yi damina biyu da wanda zai yi ashirin.

Wani abu kuma, farin fentin nan na wutsiyar madigadin baya, da yawa sun ɗauka ado ne. Asalinsa doka ce ta Ingila ta shekarun 1930, wadda ta ce keken da ba shi da jar fitila a baya, sai ya kasance da jan gilashi mai ƙyalli da kuma farin wuri da direba zai hango da dare. Al'adar ta zauna, har masu kwaikwayo na Sin da Indiya suka ɗauka. Wanda ke tashi daga gadi da asuba, ko yake komawa gida bayan an tashi daga wurin tsire, a titin da fitilunsa ba sa ci, ya fi Baturen da aka yi dokar dominsa bukatar wannan fari. In za ka sabunta fenti guda a jikin keken, to, wannan ne. Jan gilashin ma in ya fashe a sa wani.

IN BA NA ASALI FA?

Zaɓi na farko shi ne a nemo tsoho irinsa. Tsofaffin masu gyaran keke, a Sabo ta Badun ko ta Shagamu ko a gida, ba sa rasa tarin ƙarafa a bayan rumfa, a busasshiyar iskar Arewa kuwa ƙarfe kan daɗe bai ruɓe ba. Sallahu ga direban da ke zuwa Kano ko Zariya, tare da lambar taya a rubuce, yakan biya bukata.

In hakan bai samu ba, sai sabon na ƙarfe na Indiya ko na Sin mai awon 28 x 1½. Su ne suka fi kusa da na asali a siffa, baƙi mai zane da farar wutsiya, a ɗan nesa ba mai rarrabewa. Amma suna hawa-hawa. Matsa gefensa da yatsu biyu, in ya lotsa kamar gwangwanin madara, ajiye shi, araha ba ta ado. Duba ko an naɗe bakin, duba kuma ƙusoshin da suka riƙe ƙafafun ko suna motsi. Fentin cikinsu kusan babu ne, saboda haka aikin jan fenti da kwalta da aka faɗa a baya, a yi shi tun kafin a ɗaura. Ba a fafe gora ranar tafiya, watan Maris ne lokacin wannan aiki, ba Yuni ba.

Mai farin ƙarfe mai walƙiya yana jan ido, a ƙasar Ibo ma farin Rale shi ne keken masu hali a da. Sai dai na wancan zamani dabam ne da na yanzu, wanda ruwan walƙiyarsa bai kai kaurin fatar albasa ba, damina ɗaya ya soma ɓamɓarewa. Na alminiyam da na ƙarfen da ba ya tsatsa, waɗanda ake cirowa daga kekunan gwanjo, suna da kyau in awo ya zo daidai, amma da wuya ka sami mai 635 a cikinsu. Sun fi dacewa da ƙaramin keke mai 26 x 1⅜, gama na Japan da yawa awonsu ke nan. Na roba ba ya tsatsa, ba ya ƙara, ba shi da nauyi. Amma rana na gasa shi ya tsage, buhu in ya zauna masa ya karye, a jikin baƙin Rale kuma kamar dattijo ne da babbar riga da takalmin ƙwallo.

ƊAURAWA

Kafin ka saya dubi yadda ƙafafun tsohon suke kamawa. A wasu kekuna ƙarshen ƙafar zobe ne babba da ke shiga ƙarfen tsakiyar wili a ɗaure shi da notin wilin, a wasu kuwa akwai 'yar huda ta musamman a jikin firam da ƙaramin noti. In ka sayi mai babban zobe alhali kekenka mai 'yar huda ne, zai ɗauru, amma duk ranar da za ka cire wili sai ka kwance madigadi, ga kariya, ga jaki, duk a kan ƙarfe guda har zare ya ƙare. In ƙafafun tsohon suna da rai, cire su ka mayar bisa sabon.

Notocin tsohon keken Ingila kuma a tattara su a gwangwani, kada ɗaya ya ɓata. Zarensu na inci ne, Raleigh ma yana da nasa zaren na kansa a wasu wurare, notocin kasuwar yanzu kuwa na milimita ne. Sabon noti zai shiga zagaye ɗaya ko biyu ya cije, yaron shago ya sa sifana ya danne, shi ke nan zaren da ya shekara sittin ya tafi. In noti ya ƙi shiga da yatsu, ba nasa ba ne. A sa ɗan yankin tsohon tib tsakanin madigadi da firam a duk inda suka haɗu, yana kashe ƙara, yana kuma hana ƙarfen tsagewa a bakin huda.

Na gaba shi ne mai haɗari, a kula da shi fiye da na baya. In ƙafarsa ta kwance ta faɗa cikin wayoyin wili, ko taya ta ɗauko ƙaton kara ta cusa ƙarƙashinsa, madigadin kan naɗe ya tsai da wilin gaba nan take, mahayi ya wuce ta bisa kan keke. Na roba na zamani an yi musu wani maƙali da ke fincikewa da kansa in hakan ta faru, na ƙarfe ba su da shi. Saboda haka notocin gaba a sa musu wosha mai tsini, a riƙa taɓa su duk mako, ranar da ka ji sabuwar ƙara daga gaba kuma ka tsaya ka duba a wurin.

Yawancin madigadin gaba sun gaza tsawo, ruwa na bi ta ƙarƙashinsu ya sami ƙafa da sarƙa. Yanki fallen roba daga tsohuwar tayar mota ko bel ɗin injin niƙa, faɗin tafin hannu, ka huda wutsiyar madigadin wuri biyu ka ɗaure shi, ya sauko har ya rage kamar inci 4 ko 5 ya taɓa ƙasa. Kada ya fi haka, in ba so kake ya riƙa kwasar ruwa a kududdufi ba. Masu son a rubuta "Allah ya kiyaye" ko sunan garinsu a jiki, na baya ya fi dacewa da wannan, shi ne na bayanka ke karantawa.

In an gama, ɗaga keken ka juya kowane wili, ka kasa kunne, ka ja birki ka saki sau uku. Sa'an nan ka ɗora irin kayan da ka saba ɗauka ka hau ka zaga, domin kariya in ta ji nauyi takan sauko ta danne madigadin baya bisa taya, abin da ba ya nunawa sa'ad da keke ke tsaye ba kaya. In ta danne, a ɗaga ƙafafun kariyar ne, ba a lanƙwasa madigadin ba.